Ɗan Ƙamshin Miss Earline

McLeansville, 16 ga Oktoba, 2023

Zuwa ga Tanti Fassouma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin isa ƙauye lafiya, kin kuma tarar da jikin Kaka da sauƙi. Allah ya ƙara mata lafiya. A gaishe ta, a gaishe da Kawu Djibrilla. Tunda wayarki ta nan ta ƙi karɓar sim ɗin can, kuma ba rezo, wato sabis ɗin waya, a ƙauye, zan yi yadda kika ce: in rubuta a takarda in ɗauki hoto, Kawu ya buɗe a tasa wayar ranar da ya shiga kasuwar Magaria, ya kawo miki. To ga ta farko.

Ni lafiyata ƙalau. Na fara aiki a labo ɗin gwajin ruwa, sai dai har yanzu ina cikin watannin gwaji, ban saki jiki ba. Takardar digirina ta iso, na sa ta a ƙasan akwatinki don kada ta lanƙwashe. Gida lafiya, ban da famfon kicin da yake ɗiga. Na ajiye roba a ƙarƙashinsa.

Abin da ya sa na matsu in rubuto shi ne ɗan ƙamshi, itacen nan na bayan gida. Da za ki tafi kin bar mini amana biyu, gidan nan da alkawarin Miss Earline, kika ce ta biyun ta fi nauyi. Duk Afrilu, furen farko na itacen da mahaifiyarta ta dasa a bayan gida sai an kai mata gidan kula da tsofaffi, kamar yadda ke da marigayi Tonton Alassane kuka ɗaukar mata ranar da ta sayar muku da gidan. Tanti, ganyensa ya fara zama rawaya yana zuba. Na duba bayan ganyen, ba ƙwari. Na tona gindin da yatsa, da danshi. Na karanta a wani shafin masana noma cewa haka irinsa yake yi kafin sanyi. Sunansa sweetshrub, tsofaffin nan kuma suna ce masa sweet bubby. Amma ganyen da ke hotonsu ya fi namu faɗi, shi ya sa hankalina bai kwanta ba. Haka yake yi miki kowace shekara? Rawaya zalla, ko da ratsin ja?

Na kuma karanta wani abu da nake so ki tabbatar mini. Wai furen a kan rassan bara yake fitowa. Mai son rage shi sai ya jira fure ya zuba tukuna. In aka yanka da sanyi, furen baɗi aka yanke.

Jiya Lahadi na je gaida Miss Earline. Idon ya tafi gaba ɗaya yanzu, sai da ta shafa fuskata. Ta ce, "Ke ce mai auna ruwan? Ki auna na gidan nan, ɗanɗanon ƙusa yake yi." Daga nan ta tambayi itacenta, sannan ta tambaye ki. Da wannan jerin ta yi, ban juya ba.

Baba Zakaria ya tare ni bayan sallar Juma'a. Ya ce ba za a ce Hajiya ta yi tafiya gidanta ya koma kango alhali suna garin ba, za su yi miki gayya kafin sanyi ya kama. In amsa musu? Me ake dafawa?

Taki,
Houda

*

Ƙauye, 2 ga Nuwamba

Houda ɗiyata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, Djibrilla yana riƙe da waya ina karantawa, yana ta ƙorafin batir. Muna lafiya. Kaka da sauƙi, tana shan kunu, tana gane mutane, ƙafar ce dai ta ƙi. Na ce Houda tana gaishe ki. Ta ce wace Houda, ta Sakinatou? Na ce ita. Ta ce, wannan da ba ta cin tuwo sai ta tambayi wa ya tuƙa? Kin ga ba ta manta ki ba.

Ganye kuwa, ki kwantar da hankalinki. Haka yake tuɓewa duk shekara, ya tsaya kamar tsohuwar tsintsiya har Maris. Shekararmu ta farko ni ma har kuka na yi, na ce mun kashe wa baiwar Allah itace, Alassane yana ta yi mini dariya.

Kin san me ya sa ran Earline yake kansa? Furen ba wani kyau gare shi ba, ja ne mai duhu kamar busasshen zoɓo. Ta ce suna yara, ranar Lahadi uwarsu takan tsinko wa kowa ɗaya ta ƙulle masa a bakin hankici, su dunƙule a hannu har coci. Sai ya ji ɗumin hannu yake sakin ƙamshi. Da ta gaya mini na ce ai mu ma haka iyayenmu suke ƙulla kajiji a bakin zane. Tun ranar muka shaƙu. 'Ya'yanta suna nesa, ba ruwansu da itace.

Batun gayya, ki karɓe su hannu biyu. Zakaria aminin Alassane ne tun suna samari. Shi ya wanke shi, shi ya sa shi a kabari. Tun rasuwar, in ya shigo gidan nan bai san inda zai sa kansa ba sai in yana riƙe da guduma. Abin da ya ce a kan gidan ki bi, kada ki tsaya yi masa lakwal, kina koya masa karatu a gaban mutane. Na san ki da "ai an rubuta". Ki dafa shinkafa da wake da yawa, yaji yana cikin kwalbar da ke saman firji. Shayi kada ya yanke.

Ki riƙa cin abinci. A hoton na ga yatsun da suka danne takardar, duk sun rame.

Uwarki,
Fassouma

*

McLeansville, 19 ga Nuwamba

Tanti,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida Kaka da jiki. Ni lafiya, amma ba labari mai daɗi na kawo ba. Zan faɗe shi yadda ya faru, ba ragi.

Jiya aka yi gayyar. Sun share ganye, sun wanke magudanar rufi, wani matashi a cikinsu, Moctar, ya gyara famfo. Ina kicin har hantsi. Da na fito da farantin shayi sai na hangi Baba Zakaria a gaban ɗan ƙamshi, adda a hannunsa, yana kewaya shi.

Ya ce, "Wannan fa, tun zamanin Annabi Nuhu ba wanda ya yi masa aski?"

Na ce, "Baba, shi wannan ɗin..."

Ya ce, "Ɗiyata, garkar lalle na gada a Matamèye, da ita na yi aure. Itace mai rassa daga ƙasa irin wannan, in sanyi ya shigo a gindi ake datse shi, ya fito sabo fil. In kin bar shi, ƙarfinsa a kara yake ƙarewa."

Moctar yana kan tsani ya ce, "Baba, dakata ta duba maka a waya tukuna, kada ka faɗi jarrabawa." Duk suka kwashe da dariya, har shi Baban.

Tanti, maganar tana bakina. Ni na rubuto miki ita da hannuna. Lalle ganyensa ake nema, wannan kuwa furensa. Amma ga maza a tsaye suna kallo, ga furfurarsa, ga kuma abin da kika ce, kada in yi masa lakwal a gaban mutane. Sai na ji na ce, "To, Baba." Ni na ce to. Har na miƙa masa kofi.

Ba da gangan ya yi ba, wannan ina so ki sani. Ya yi bisimilla, ya wasa addar, kowane reshe sara ɗaya a karkace, ba tsagewa. Tsakar gida ta gauraye da ƙamshi kamar na kafur. Ya tsaya ya shaƙa ya ce, "Kai, Alassane ya san itace." Suka loda rassan a bayan motar Moctar suka kai juji. Abin da ya rage kututture ne, ba wanda ya wuce taƙi ɗaya.

Na sake karanta duk abin da na samu. Ga abin da na tabbatar: da wuya ya mutu, saiwarsa tana da ƙarfi. Ga abin da kusan na tabbatar: wannan Afrilun ba fure. Wataƙila na gaba, wataƙila na gabansa. Miss Earline shekararta casa'in da uku. Rai a hannun Allah yake, amma na ga yadda take numfashi in ta yi dogon zance.

Me zan yi? In gaya mata? In gaya wa Baba? Ya tafi yana murna, ya ce in ce miki in kin dawo ba za ki gane itacen ba. Don Allah ki amsa da kasuwar nan mai zuwa.

Houda

*

McLeansville, 7 ga Janairu, 2024

Tanti,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da Kaka da kowa. Alamar waya ta nuna Kawu ya buɗe takardata tun a Nuwamba. Kasuwa ta ci ta sake ci, ban ji komai ba. Na kira lambarsa ba ta shiga. Na tambayi Mama a Yamai, ta ce ita ma ba ta same ku ba.

In rashin lafiya ce, a gaya mini. In fushi ne, shi ma a gaya mini, zan ɗauka.

Sanyi ya kama sosai, ciyawa takan wayi gari fara fat. Na rufe gindin kututturen da busasshen ganyen itacen pine kamar yadda maƙwabta suke yi. Kullum kafin in tafi aiki sai na leƙa, alhali na san ba abin da zan gani kafin Maris. A labo an ce na cika maimaita gwaji, sakamako ɗaya sai na sake shi. Ban san yadda ake daina wannan ba.

Da Kirsimeti na kai wa Miss Earline mayafin ulu. Ta ce, "Ina ɗan gidana?" Na ce yana barci. Gaskiya ce, amma ba dukanta ba. Ta ce, "Bar shi ya yi barcinsa, ni ce dai zan yi ƙoƙari in jira shi." Tun daga nan abinci ba ya mini daɗi.

Houda

*

20 ga Janairu

Houda,

Na ga duka biyun. Kada ki taɓa komai. Kada ki je wa Earline da wannan magana, Zakaria ma kada ki ce masa uffan. Ki jira ni.

Fassouma

*

McLeansville, 11 ga Fabrairu

Tanti Fassouma,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Kaka, ko da yake ba ki ce mini komai game da jikinta ba.

Tun da nake ban taɓa ganin takarda daga hannunki ba sallama ba, ba "ɗiyata". Na karanta ta har na haddace. Na gane, kuma ban ga laifinki ba. Amana kika ba ni, na tsaya da faranti ina kallo.

Na bi abin da kika ce. Ban taɓa komai ba. Baba Zakaria in mun haɗu gaisuwa ce kawai. Wurin Miss Earline kuma ban koma ba. Shekaranjiya Anti Lucia, 'yar Jos ɗin nan da take aiki a gidan tsofaffin, ta kira ni. Ta ce, "Ke 'yar Nijar, kin yi aure ne ba ki gayyace mu ba? Tsohuwarki kullum sai ta tambayi yarinyar ruwa." Ta ce ciwon huhu ya kwantar da ita a watan jiya, ta tashi, amma ba ta koma kujera ba, a gado take yini. Na ce aiki ne ya yi yawa. Ta ce, "Hmm."

Akwai abin da na kusa yi, gara ki ji daga bakina. Na je gidan sayar da shuke-shuke da ke hanyar Summerfield, na sami irinsa a tukunya, mai rassan da za su yi fure bana. Har na ɗora a keken kaya. Sai na tambayi mai wurin ko ƙamshinsu duka ɗaya ne. Ya ce a'a, kowane da nasa, wani ma ba shi da ko kaɗan, ba a sani sai ya buɗe. Na mayar da shi. Wadda ba ta gani, da hanci take gane nata. Ba zan ƙulle mata ƙarya a hankici ba.

Na yi magana da ƙawata Leïla, akwai ɗaki a gidan da suke haya wajen Sedgefield, ya fi kusa da aikina ma. In kin fi so wani ya riƙe gidan, sai in ba Baba Zakaria makulli a ƙarshen wata. Ki faɗa kawai, layi ɗaya ya isa.

Houda

*

Damagaram, 1 ga Maris

Houda ɗiyata, ɗiyata, ɗiyata,

Ga shi har sau uku, ki ajiye biyu saboda gaba. Assalamu alaikum. Muna lafiya yanzu, alhamdu lillahi. Tun ƙarshen Nuwamba jikin Kaka ya rikice, muka yi ta fama a gida, daga baya muka kawo ta asibiti nan Damagaram. Waccan takardar a tasha na rubuta ta, a kan gwiwata, kan Kaka yana bisa kafaɗata, direba yana ta oda. Djibrilla ya koma wurin dabbobi da wayarsa. Na ari wayar wata mai jinya in kira ki, sai na tuna lambarki tana cikin tawa da ta mutu. Jiya aka sallame mu. Kaka har ta fara zagin masu allura, kin san ta warke.

Yanzu ke. Wa ya ce ki tattara kaya? Wane makulli? Wallahi da kina kusa da na ja kunnenki. Cewa na yi kada ki kai wa tsohuwa baƙin labari ina nesa, kafin in yi tunani. Ban ce ki ɗauke mata ƙafa ba. Matar da ba ta da mai leƙa ta sai mu!

Na yi fushi, ba zan ɓoye miki ba. Amma rabin fushin da kaina nake. Da na ce ki bi Zakaria a kan gida, rufi nake nufi da famfo, ban kawo itace a raina ba. Ke ma dai da naki. Girmama babba ba shi ne ki riƙe faranti ana ɓarna ba. Ai sai ki ce, Baba, zo ka ga wani abu a kicin, ki gaya masa ku biyu. Haka muke yi da su tun kafin a haife ki.

To saurara. Zaman asibiti yana tono abin da mutum ya manta. Itacen nan yawo yake yi ta ƙarƙashin ƙasa, ya ɓullo inda ba a aike shi ba. Alassane ɗan yawon banza yake ce masa. Tsakanin ɗakin shirgi da shingen maƙwabcinmu Jerry akwai wani lungu da injin ciyawa ba ya shiga. Duk shekara Alassane yakan kutsa da almakashi yana mita, wai 'ya'yan itacen za su ɗaga masa bango. Shekara uku ke nan da rasuwarsa, ni ban taɓa leƙa lungun ba, ban iya ba. Ban yi miki alkawarin komai ba. Ki sa takalmi mai rufi ki shiga. In kin ga kara, ki kankare ɓawon da farce ki shinshina.

Ko kin samu ko ba ki samu ba, ki je wurin Earline ki gaya mata gaskiya dukanta. Na yi tunanin, ita ba yarinya ba ce.

Uwarki har gobe,
Fassouma

*

McLeansville, 28 ga Afrilu

Tanti,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, barka da Sallah, duk a haɗe. Na ji daɗin labarin Kaka ƙwarai, a ce mata mai tambayar wa ya tuƙa tana gaishe ta. Ni lafiya, kuma an tabbatar da ni a wurin aiki. Ki yafe jinkirin. Bayan layi ɗayan da na aika wa Kawu cewa takardarki ta iso, na ƙi rubutawa sai na sami abin da na gani da idona.

Ranar da takardarki ta iso na shiga lungun. Ƙaya da igiyoyin ciyawa sun rufe shi. Can ciki, jikin bango, na ga kara uku sun kai mini ƙirji. Na kankare ɗaya. Kafur, Tanti. Na zauna a kan jar lakar nan da kayan aikina, ban ma sani ba.

Washegari na je wurin Miss Earline na gaya mata komai, har da shayin. Ta saurara har na gama. Can ta ce, "Mutumin nan mai adda, yana da mata?" Na ce yana da. Ta ce, "Allah ya ba ta haƙuri." Sannan ta ce in fure ya zo in kawo shi, in bai zo ba in kawo kara, amma ko ta yaya in taho da mutumin.

Asabar ɗin kafin azumi sai ga su Baba sun dawo, wai sharar shiga Ramadan. Ina jin ya ce wa Moctar, "Lungun can gidan macizai ne, yau sai mun ga ƙasarsa." Na ajiye buta na riga shi zuwa bakin lungun.

Na ce, "Baba, don Allah zo ka ga wani abu a kicin."

Ya ce, "In na gama. Matsa, ɗiyata, ƙaya ce."

Dabararki ba ta ci ba, Tanti. Na ce, "Baba, ba zan matsa ba."

Na ce masa lalle ganye ake nema, shi ya sa yanka yake ƙara masa. Wannan fure ake nema, kuma a kan reshen bara yake fitowa. Na ce abin da muka kai juji a Nuwamba furen Miss Earline ne na bana, kuma karan nan uku su kaɗai suka rage mata.

Ya dube ni, ya dubi kututturen. Ya ce, "Ran nan kin san haka?"

Na ce, "Na sani, Baba."

Ya ce, "Kika ba ni shayi?"

Moctar ya fara dariya, Baba ya juya ya kalle shi, ya haɗiye ta. Baba ya ajiye addar a ƙasa ya ce, "Inna lillahi. Itacen Alassane." Da hannu ya cire ƙayar nan ɗaya bayan ɗaya, har yatsunsa suka yi jini. Ya kafa turaku ya kewaye karan da igiya, ya ce duk wanda ya tsallaka shi da Allah.

Daga nan na sami wanda ya fi ni rashin sukuni. Duk azumin nan sai ya biyo daga aiki ya tsuguna a lungun. Ya kira ni ina labo: "Ganye ne ya fito ko fure?" In ce ganye ne. "Kin tabbata? Duba a wayar." Kututturen ma ya yi toho, ya kai gwiwa yanzu, ganye shar, ba fure ko ɗaya, kamar yadda aka rubuta. Ban ce masa ai an rubuta ba.

Bayan Sallah, lokacin da garin furen itatuwa ya mayar da motoci rawaya, kara biyu suka yi huda. Na ukun bai yi ba. Fure biyar ne duka. Ranar Lahadin da ta wuce suka buɗe. Na ɗauko farin hankicinki mai bakin shuɗi na ƙulle huɗu. Baba ya zo da kaftanin Sallarsa, hula a karye, kamar mai zuwa neman aure.

Ta ƙara ƙanƙancewa, Tanti. Anti Lucia ta tada ta da matasai. Na kwance ƙullin na sa mata ɗaya a tafin hannu. Ta dunƙule, ta jira, ta kai hanci. Ta sake jira, ta sake kaiwa. Ta ce, "Ba na jin komai."

Na fara lissafa abin da na karanta, ko rana ce ba ta kai lungun ba, ko na tsinka da wuri. Sai ta ce, "Ba laifinsa ba ne. Hannuna ne ya yi sanyi. Ba ya farkawa a hannu mai sanyi. Ina mai addar?"

Na fassara wa Baba. Ya matso, na ɗauki furen na sa a hannunsa. Ya rufe da ɗayan, ya zauna a bakin kujera yana motsa leɓe, ban san me yake karantawa ba. Da ya ji ya isa, ya tashi ya buɗe tafin a ƙarƙashin hancinta. Daga inda nake tsaye ma na ji shi, kamar abarba da ayabar da ta nuna sosai, da wani abu a ƙasa da ban san sunansa ba.

Ta ja numfashi a hankali har ya ƙare. Ta ce, "To. Wannan na Mama ne." Ta sake ja. Sannan ta ce, "Ki gaya masa baɗi ya zo da hannun nan, ya bar addar a gida."

Baba ya ce, "Me ta ce?" Na faɗa masa yadda ta faɗa, ban rage ba. Ya yi dariya, ya cire hula ya goge fuska da ita, ya daɗe yana gogewa. Muka bar ta da wani hankicin da Anti Lucia ta ara mana a ƙirji, huɗun a ƙulle, ta sa Baba ya ɗumama su duka kafin mu fita.

A mota ya ce, "Malama Houda, to shi yaushe ake yi masa askin?" Na ce bayan fure ya zuba, kuma tsofaffin rassa kaɗai, kuma ba bana ba. Ya ce ranar in tsaya a kansa, kada in shiga kicin.

Famfon ya koma ɗiga, na mayar da robar. Na biyar ɗin na ƙulle miki a bakin hankicinki, yana cikin akwati tare da digirina. Ban ɗauki hotonsa ba, hoto ba zai kai miki komai ba. Na karanta cewa busasshe ma yana riƙe ƙamshi, amma ban tabbatar ba, don haka ki yi sauri.

Ɗiyarki,
Houda